Lambar Motar da Ta Buge Ni

Kuɗin motar da na tafi Abuja da shi, tunkiyar Inna ce. Da kanta ta ja ta zuwa kasuwar Makarfi, ta dawo ta ƙulle mini kuɗin a tsumma ta ce, "Bala, ka dawo kafin ruwan shuka." Kai Sadisu, tunda na ji kana cika baki kai ma bana za ka tafi, matso ka ji.

Ga-ruwa na yi. Kura ɗaya cike da jarkoki, daga rijiyar burtsatse zuwa gidajen mutane. Mu shida muke kwana a wani kango, mai kangon kuwa wani ƙato ne mai tumbi, kullum da safe sai ya leƙo.

"Malam, wa ya yi wanka a nan?"

"Oga, alwala ce."

"Alwala har da sabulu?"

A can kowa Malam ne, ko bai iya Fatiha ba.

To, wata rana da hantsi ina tsallaka titi, sai ga farar mota mai lambar gwamnati ta biyo hannun da ba nata ba. Da farko ban ma ji zafi ba, jarkokina nake kallo suna tsiyaya a kan kwalta. Amma ina kwancen nan na karanta lambar motar, na haddace ta. Direban ya kai ni asibiti, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba, ya ajiye ni ya tafi. Ban ƙara ganinsa ba.

Likita ya ce ƙashi ya karye wuri biyu, sai an sa ƙarfe. Kun dai san halinmu, da mun ji ƙarfe sai mu ce yankewa za a yi. Washegari abokan kwanana suka saɓe ni ba sallama, ko kati ban karɓa ba, suka sa ni a mota zuwa Dandamisa wurin mai ɗori. Wata huɗu na yi a kan tabarma, da karare da tsumma da tofi. Ƙafa ta haɗe, amma a karkace. Ga ta nan, ku daina satar kallo, ku duba da kyau.

Wani malamin makaranta ne ya ce mini ai gwamnati tana biyan diyya, wai kwamfanseshan. Sai da na kwana uku ina maimaita kalmar don kada in ji kunya a ofis. Na ɗauki sanda na koma Abuja. Wannan ofis ya ce wancan, wancan ya ce kam tumoro, wato in dawo gobe. Ni dai ban taɓa ganin tumoron nan ya iso ba. A ƙarshe aka nuna mini wata lauya da ke taimakon marasa hali kyauta.

"Malam Bala, ina takardar likita?"

"Hajiya, mai ɗori ba ya rubutu."

"'Yan sanda fa, an kai musu rahoto?"

"Wa zai kai?"

"Yaushe abin ya faru?"

"Wata biyar ke nan."

Sai ta ajiye biro. Ta ce ƙarar ma'aikacin gwamnati cikin wata uku ake shigar da ita, in ya wuce kotu ba za ta ko saurara ba.

Na ce, "Hajiya, wata ukun nan ina kwance. Ko bayan gida sai an ɗauke ni."

"Na sani."

"Ina da lambar motar a kaina."

Ta dube ni ta ce, "Yi haƙuri."

Wallahi ranar na yi kuka a bakin titi, da gemuna. Ban san ana ƙirga mini kwanaki ba, ina can ina shan tofi ina godiya.

Ko da na dawo, har an yi girbi. Gonata a hannun ɗan'uwana take yanzu, don ƙafar nan ba ta bin garma, abin da ya ga dama ya auno mini. Inna ba ta taɓa yi mini maganar tunkiyarta ba har ta rasu, wannan ya fi karayar ciwo.

Lambar nan kuwa tana nan a kaina, ko daga barci ka tashe ni zan karanto maka ita. Har yau ba wanda ya ce in faɗa ya rubuta.