Gahawa da Tabon Fuskar Binta

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, ina gajiya? Ni ne Lawal masinja, daga Ƙofar Durɓi a Katsina.

Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan, na sayo wa maiɗakina Binta risho don ta huta da hayaƙin itace. Tana ƙara kananzir ya kama da wuta, ya ƙone mata rabin fuska. Ciwon ya warke, tabon ya zauna.

Yayarta Hajiya Rabi ta dawo daga Makka da garin gahawa, ta ce yana gyara fata in an kwaɓa da zuma. Binta ta yi ta shafawa har gwangwanin ya ƙare. Kuncin da bai ƙone ba ya yi sumul, tabon kuwa yana nan.

Yanzu ko suna ba ta zuwa. Jiya na ce zan nemo wata gahawar, ta ce, "Malam, bar shi, na gaji da duba madubi."

Masu sauraro, wanda gahawa ta taɓa goge wa tabon wuta ya rubuto don Allah. In babu, ku gaya mani abin da zan ce mata.