Kuɗin Sharar Ɗaso

Kabo: Alo? Makka? Kantin unguwar Jarwal? Ɗaso ce?

Ɗaso: Ni ce! Wa ke neman mutum da tsakar rana, ana tuya?

Kabo: Kabo ne, daga Jidda. Ina wuni?

Ɗaso: Taubashina! Lafiya lau. Ya zafi? Ya gumin Jidda?

Kabo: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar Inna?

Ɗaso: Da sauƙi. Kullum sai ta ce ka samu gadin ma'ajiyar alhazai, ka dawo kusa da ita. Yaushe za ka fara?

Kabo: An hana ni.

Ɗaso: An kama ka?

Kabo: An hana! Mudir, shugaban wurin, ya ce mai bashi ba ya tsaron amana.

Ɗaso: A ba shi me?

Kabo: Bashi, Ɗaso, bashi! Wai mai bincike ya zo unguwa, wata ta ce tana bi na bashin shekara tara.

Ɗaso: La ilaha! Wace maƙaryaciya... Tsaya. Wani dogo mai littafi a hammata?

Kabo: Ɗaso.

Ɗaso: Wallahi kuɗin shara nake nufi! Cika-ciki tara ba ka ba ni ko ƙirshi ba. Har dariya na yi!

Kabo: Shi bai yi ba, rubutawa ya yi. Balarabe ya san wasan taubasai?

Ɗaso: Wayyo ni! Ni na zubar maka da abinci?

Kabo: Bar kuka, a minti ake biya. Na kai ma'arud, takardar roƙo, sun ce a sake zama ran Asabar. Ki zo ki rantse ba kya bi na komai.

Ɗaso: Da ƙafa ma zan zo. Amma da Alƙur'ani?

Kabo: Da shi.

Ɗaso: To ai ina bin ka.

Kabo: Ɗaso, don Allah!

Ɗaso: Ka ce in dafa Littafi a kan ƙarya? A Makka?

Kabo: To ki yafe mana!

Ɗaso: Takwas na yafe, duniya da lahira. Na bana kuwa, ka sa min a tafin hannu a bakin ƙofar mudir, in shiga in rantse da zuciya ɗaya.

Kabo: Nawa ne?

Ɗaso: Tunda ka kusa zama mai albashi... Alo? Kabo? Ka ji ɗan banza, ya ajiye!