Bayanin da Ya Shiga Babban Reshe

Auta: Salamu alaikum, Yaya Injiniya. Ina wuni?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya ƙafar Ummanku?

Auta: Da sauƙi. Ya aiki?

Injiniya: Alhamdu lillahi.

Auta: Ya... ya aikin kuma?

Injiniya: Ai kin tambaya. Muryarki ce ke rawa, ko layin ne?

Auta: Layin ne. Bari in fito daga kicin. Kana ji na? Gyaran nan da na turo wa manhajarmu, na shafin rajista, don Allah kada ka haɗe shi tukuna da babban reshe, ainihin manhajar da kowa ke saukewa.

Injiniya: Na haɗe tun da safe.

Auta: Na shiga uku. Yaya, bayanin da ke kansa ba shi na yi niyyar turawa ba. Wasa nake a reshena, kwafin da nake gwaji a kai, na manta ban canza ba.

Injiniya: Wanda ya ce, "Na gyara wannan ne don Injiniya ya daina ɗaure fuska, murmushi ya fi yi masa kyau"?

Auta: Don girman Allah kada ka maimaita. Ka goge shi kawai.

Injiniya: Kin san ba ma taɓa tarihin babban reshe. Mutum kusan arba'in sun riga sun sauke shi. Idan na goge, aikin kowa zai rikice. Ke fa kika rubuta dokar bara, da yayanki ya share mana aikin sati guda.

Auta: Shi ma ya gani?

Injiniya: Ya kira ni. Ya ce shekara biyu yana turo gyara, ba wanda ya taɓa yabon murmushin kowa.

Auta: Duniya ce fa ke iya buɗe wurin nan a intanet ta karanta. Ni dai na bar aikin. Ka cire sunana.

Injiniya: Tsaya. Me doka ta uku ta ce?

Auta: Ba a haɗe gyara sai mai dubawa ya karanta bayaninsa.

Injiniya: In bai gamsu ba fa?

Auta: Ya mayar wa mai shi ya sake.

Injiniya: To, sau uku na karanta naki. Ban mayar ba.

Auta: Iye? Me... me ka ce?

Injiniya: Auta? Layin ne kuma?

Auta: Tukunyata za ta ƙone. Sai an jima.

Injiniya: Ki gaida Umma, ki ce ina nan zuwa duba ƙaf— Auta?