Wa Ka Zo Gani?

A tashar jirgin ƙasa ta Koenji, da yammacin Lahadi, Hatsumi ta zauna kusa da wani mai furfura. Tawul iri ɗaya ne a wuyansu, mai ɗauke da sunan mawaƙan da suka sake hawa dandali yau, bayan shekaru da watsewa.

"Kai ma daga can kake, Malam?" in ji ta. "Kujeru fa suka jera mana, sai ka ce asibiti. Mu da muke tsalle a da har rufi na ɗigar gumi."

"Gwiwoyi sun tsufa, baiwar Allah. Kiɗa dai ya yi."

"Ya yi me? Sun ɗauko ɗan haya sun ɗora a kan gangunan Kuramochi, ko sunan mutumin ba su ambata ba."

"Sabon ya fi shi hannu. Kuramochi gaggawa gare shi."

"Gaggawar nan muke zuwa ji. Kai da ganinka a baya kake laɓewa lokacin."

"A baya kam, kullum. Bayan mai waƙa."

Hatsumi ta dubi yatsunsa da ke kaɗawa a kan gwiwa, ta ɗago ta dubi fuskarsa da kyau. Sai ta gane Kuramochi ne.

"Ba su gayyace ka ba?"

"Layi na bi kamar kowa. Kin san mai tsaron ƙofa sai ta tambayi mutum wa ya zo gani. Na faɗa mata sunan ƙungiyar, wanda ni na raɗa mana a ɗakin uwata."

"Me ta ce?"

"Ta ce in yi sauri, kujerun baya kaɗai suka rage."