Ranar da Na Aske Wa Iliya Kai

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ce Rifkatu mai suyar kifi a Gwadangaji, amma a Argungu na yi zaman aure. In kun ji muryata ta yi sama ku yi haƙuri, abin har yau yana ci mini rai.

'Ya'yana na fari ba su zauna ba, ina haihuwa ina binnewa. Da na haifi Iliya, sai gwaggon mijina, tsohuwar da ke riƙe da tsafin gidansu, ta ɗauke shi ta kai bakin gulbi. Ta dawo ta ce ta damƙa shi ga Mai Ruwa, aljanin gulbin, kuma aska ba za ta taɓa kansa ba. Ranar da aka aske shi, ranar za a ɗauki gawarsa.

Tsoro ya sa na yarda. Lahadi ina coci ina tafi da waƙa, in gulbi ya kawo kuma ga ni can da baƙar kaza da ƙwaryar fura. Kajina nawa abin nan ya lashe? Ko sannu ban taɓa ji ba!

Suma ta taru ta cukurkuɗe kamar tsumma, kwarkwata ta samu gida. Yaro ya yi ta susa har ƙuraje suka zama gyambo, wari ya kori abokan wasansa. Zazzaɓi ya kwantar da shi. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baiwar Allah, ta ina magani zai shiga? In ba ki aske ba, ciwon nan zai tafi da shi."

Na dawo na faɗa wa Gwaggo. Ko kallon yaron ba ta yi ba. Ta ce, "Mi? Aski? Ke, yaron ga ba naki ba na, na Mai Ruwa na."

Kai! Nan zuciyata ta tafasa. Nasa ne? To yana ina lokacin da nake wanke mugunya? Wane irin ubangida ne zai bar nasa yana ruɓewa da rai, shi dai a kawo kaza?

Na shiga ɗaki na zube. Na ce, "Yesu, da jininka ka fanshe mu. Na raba ƙafa, ka gafarta mini. Ga ɗana, kai ka riƙe shi."

Na fito da almakashi tsakar gida, rana tsaka, kowa na gani. Na zaunar da Iliya a gabana. Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana kururuwa. Mijina da bai taɓa yi mata musu ba ya zo ya riƙe mini kan yaron ya ce, "Yanke, Rifkatu."

Na yanke, na aske, na wanke, na shafa magani.

Da gari ya waye maƙwabta sun kasa kunne su ji kukan mutuwa. Kuka kam sun ji, Iliya ne yake kukan a ba shi koko. Halleluya!

Ciwon ya warke. Yanzu yana makaranta, amma akwai wuraren da gashi bai sake fitowa ba, kuma duk ranar aski sai na ji haushin daɗewar da na yi.

Na gode wa Yesu da ya bar mini ɗana. 'Yar'uwa, in akwai abin da aka ɗaura miki aka ce za ki mutu in kin kwance, ƙarya ne. Ki dogara ga Ubangiji, ki kwance shi yau, tun bai ci naman ɗanki ba.