Mutum-mutumin da Ya Yi Atishawa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Yau Talata, ƙafa da sauƙi, tarin ne ya ƙi tafiya.

Da gwamnati ta rage kuɗin gidan tarihi, aka ce za a rufe ɗakin tsohon injin saƙar da na yi aiki da shi a Bompai. Na je sallama, na zauna gefensa shiru. 'Yan makaranta suka ɗauka mutum-mutumi ne. Ina yin atishawa suka watse da ihu!

Yanzu makarantu na biyan kuɗin shiga don jin labarina, ɗakin ya tsira. Masu masana'antu, ku taimaka da motar kawo yara.

Bitrus abokin aikina, ka ce yau za ka kai ni a babur. Tun hantsi nake zaune da hulata, ba motsi, ba mai kallo.