Gidaje Arba'in a Unguwar Alder

A ɗakin jira na majalisar jiha, wata dattijuwa ta zauna kusa da Darnell, wakilin ƙungiyar masu gina gidaje masu araha.

"Ɗana, me ya kawo ka?"

"Doka muke roƙo a yi, Mama, mu samu mu gina gidaje arba'in a unguwar Alder."

"Ashe ku ne! Ni kuwa hanawa na zo yi. Ba za a cika mana unguwa da baƙi ba."

"Yaranki ma can suke?"

"Ina fa! Tsadar haya ta kori 'yata zuwa wata jiha. Jikokina sai a waya."

Da aka kira masu adawa da dokar, ta ɗan jima a zaune, sannan ta tashi ta shiga.